Tambaya: su wa suka buga tsofaffin kan sarkin nan, kuma me ya sa wasu ba su da tsada?

Ɗan_Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masana tara kan sarki ku taimaka min. Ban daɗe da fara harkar nan ba, kwanaki na sayi wani ƙunshi a intanet, a ciki akwai na ƙasar Nikaragwa da Honduras masu shekarar 1891 da 1892 a jiki, sababbi fil ko hatimi ba a buga musu ba, danƙon bayansu ma yana nan, amma kuɗin da na biya bai taka kara ya karya ba. To abin ya ɗaure min kai, abu ya haura shekara 130 ya za a yi ya zama araha haka? Ko jabu aka sayar min? Sannan ina ta cin karo da sunaye irin su Gibbons da De La Rue da Perkins Bacon, su wane ne waɗannan, masu bugawa ne ko masu sayarwa?

Baba_Mai_Albam:
Wa alaikumus salam yaro, sannu da shigowa. Bari in fara da sunayen tukuna. Perkins Bacon da De La Rue maɗaba'u ne a Landan, shi kuma Gibbons dillali ne.

Perkins, Bacon da Petch su suka buga kan sarki na farko a duniya, baƙin nan na kwabo ɗaya mai hoton Sarauniya Biktoriya, wanda aka fara aiki da shi ranar 6 ga Mayu 1840 bayan gyaran da Rowland Hill ya kawo wa gidan wayar Ingila. Shi Jacob Perkins ɗin ba ma Baturen Ingila ba ne, daga Amurka ya zo da dabararsa ta sassaƙa zane a jikin ƙarfe sannan a kwafe shi sau da yawa a kan faranti ɗaya, shi ya sa kowace takarda take ɗauke da guda 240 iri ɗaya sak. A lokacin ba a huda gefensu, da almakashi ma'aikaci yake yanka maka, sai 1854 aka fara hudawa a hukumance. Aikin Perkins Bacon in ka shafa a hankali za ka ji tawadar ta ɗan taso, kuma wallahi har gobe ni a wajena babu mai kyansa.

De La Rue sun shigo buga kan sarkin Ingila a 1855 da nasu salon mai sauri da sauƙin kuɗi. Abin da ya ƙara buɗe musu ƙofa shi ne wani ganganci da Perkins Bacon suka yi a 1861, suka ɗebi kan sarkin ƙasashen mulkin mallaka suka buga musu alamar sokewa suka ba Ormond Hill, ɗan ɗan'uwan Rowland Hill, kyauta ba da izinin hukumar da ta ba su kwangila ba. Hukumar ta fusata ta karɓe farantanta, aikin ya koma hannun De La Rue. Daga nan ne ma suka iso wajenmu, na Legas na farko a 1874 su suka buga, na Gwalkwas (Gana ta yanzu) a 1875 su ne, na Najeriya ta Arewa a 1900 ma su ne.

Ɗan_Fagge:
Allah ya saka da alheri Baba, na ƙaru sosai. To maganar na Nikaragwan nan fa?

Malam_Zinder:
Ɗan'uwa abin da ke hannunka shi masu harkar ke kira Seebeck, kuma kusan duk wanda ya fara tarawa sai ya ci karo da su. Nicholas Seebeck dillalin kan sarki ne a Niyok, yana kuma da hannu a maɗaba'ar Hamilton Bank Note. A 1889 ya je wa gwamnatocin Salbado da Honduras da Nikaragwa da wani tayi, daga baya Ikwado ma ta shiga, ya ce zai riƙa buga musu kan sarki kyauta ba ko sisi, amma da sharaɗi, kowace shekara za a canza zane a daina amfani da na bara, duk abin da ya yi saura a dawo masa da shi, kuma yana da damar ya sake bugawa da farantan ya sayar wa masu tarawa. Ka ga kenan gwamnati ta huta da kashe kuɗi shi kuma ya samu haja ba iyaka. Haka aka yi ta jibgo su kasuwa tun daga 1890 har ƙarshen shekarun 1890, sun yi yawan da har yau ba su ƙare ba, shi ya sa kake samunsu sababbi kuma da araha.

Don haka ba lallai jabu ba ne, ko dai ragowar na asali ne ko kuma sake bugu ne. Wanda yake da daraja a cikinsu shi ne wanda aka liƙa a ambulan ya yi tafiya ta gidan waya da gaske, da hatiminsa da komai.

Maman_Ilham:
Ni dai gaskiya mutumin nan bai kyauta ba, ya mai da gidan wayar ƙasashe kamar shagonsa. Kuma ba yau aka fara jin haushinsa ba, a 1895 har ƙungiya aka kafa a Landan don yaƙar irin wannan bugu na neman kuɗi kawai, suna fitar da jerin waɗanda suke cewa kar kowa ya saya.

Amma Malam kar mu ɗora wa Seebeck shi kaɗai, tun kafin shi kasuwar cike take da 'yan damfara. Akwai maɗaba'ar 'yan gidan Spiro a Hambog ta Jamus, tun shekarun 1860 suke buga kwaikwayon kan sarkin ƙasashe ɗaruruwa, har da hatimin ƙarya suke dannawa a kai, kuma kayansu sun shiga albam ɗin yara a ko'ina. Akwai Samuel Allan Taylor a Boston wanda shi abin nasa ya wuce kwaikwayo, ƙirƙiro kan sarkin da ba a taɓa yi ba yake ya sayar. A 1892 kuma an yanke wa wasu mutum uku hukunci a Landan, Benjamin da Sarpy da Jeffryes, kan jabu. To in ka samu tsohon albam na zamanin nan kar ka yi saurin murna, a duba tukuna.

Baba_Mai_Albam:
Hajiya maganarki gaskiya ce amma a yi wa dillalan adalci, ba don su ba da harkar nan ba ta tsaya da ƙafarta ba. Su suka zauna suka jera wace ƙasa ta fitar da me, a wace shekara, launi kaza, takarda kaza, har mutum ya samu abin da zai gwada nasa da shi ya gane na gaske.

Ɗauki Jean-Baptiste Moens na Brussels a Beljiyam, mai sayar da littattafai ne ya koma kan sarki, ya fitar da kundinsa a 1862, sannan mujallarsa ta yi ta fitowa daga 1863 har 1900, kusan shekara arba'in mutum yana rubuta abu ɗaya. Shi kuma Edward Stanley Gibbons a shagon maganin mahaifinsa a garin Plymouth ya fara a 1856 yana ɗan shekara 16. Labarin da ake bayarwa shi ne a 1863 wasu ma'aikatan jirgin ruwa biyu suka kawo masa buhu cike da kan sarkin Kef na Afirka ta Kudu, masu kusurwa ukun nan waɗanda su ma Perkins Bacon ne suka fara bugawa a 1853, ya saye duka fam 5, ribar da ya ci a kai ita ta ɗaga shi. Kundin farashinsa ya fara fitowa a 1865, ya koma Landan a 1874, a 1890 ya sayar da kamfanin ga Charles Phillips kan fam 25,000, kuma sunan nan dai shi muke gani a kundin har yanzu. A Amurka kuma John Walter Scott ne ya fara nasa kundin a 1868, lambobin Scott da masu sayarwa ke rubutawa daga can suka samo asali.

Abu ɗaya da yake min ciwo shi ne albam ɗin Lallier da aka fara yi a Faris a 1862, gurbin da ya zana wa kowane kan sarki ya sa mutane suka riƙa datse gefen nasu da almakashi don ya zauna daidai, an lalata masu kyau da yawa ta haka.

Ɗan_Fagge:
Kai, na gode ƙwarai iyayena. Zan ajiye na Seebeck ɗin tunda su ma suna da tarihinsu. Yanzu hankalina ya koma kan namu na gida, in ina son na Najeriya ta Arewa na 1900 ɗin ta ina zan fara?

Malam_Zinder:
Ka fara samun kundin Gibbons na ƙasashen rainon Ingila ko tsoho ne, da gilashin ƙara girma da ɗan hantsaki, kar ka riƙa taɓawa da yatsa. Ka soma da ƙananan, na ɗari (rabin kwabo) da na kwabo, su ba su da tsada, ka bar na sule goma sai idonka ya buɗe. In kuma ka ci karo da kan sarkin Ingila mai hatimin Lokoja ko Burutu ko Akassa na zamanin kamfanin Royal Niger kar ka ɓare shi daga ambulan ɗin, ka ɗauki hotonsa gaba da baya ka sa mana nan mu duba.