Shawarwari kan zaɓen na'urar sanyaya gida ko na'urar jan ɗumi

A wata tattaunawa kan wadda ta fi dacewa a saya tsakanin na'urar sanyaya gida da na'urar jan ɗumi (heat pump), yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa a lokacin zafi aikin na'urorin biyu ɗaya ne, sai dai na'urar jan ɗumi tana da bawul mai juya akalar aikinta, ta yadda idan hunturu ya kama takan jawo ɗumi daga waje zuwa cikin ɗaki. Mazauna kudancin ƙasar Amurka sun fi yaba mata, domin ɗumin da take bayarwa yakan ninka lantarkin da ta ci kusan sau 3. A Kanada kuwa, inda ƙanƙara kan lulluɓe injin da ke waje, ƙarfinta yakan ragu, don haka aka ba da shawarar haɗa ta da murhun gas na ɗumama gida. Wanda yake da lafiyayyen murhu da gas mai araha, na'urar sanyaya gida ta wadatar masa.