Wa ya ƙirƙiro rapamycin?

Ɗan Lab: Jama'a, yau raina a ɓace yake. Wata bakwai ina ɗiga sinadarai a faranti mai ramuka 384, kowane rami da ƙwayoyin sel a ciki, ina neman wanda zai hana su rabuwa. Na kai aikin gaban kwamiti, wani babba ya ce wai lalube nake a duhu, in koma in riƙa kashe ƙwayoyin gado ɗaya bayan ɗaya kamar kowa. To ai ƙwayar gado in ka cire ta, ta tafi ke nan, wani lokaci ma sel ɗin mutuwa yake kafin ka ga komai. Ƙaramin sinadari kuwa furotin yake kamawa ya hana shi aiki, sai lokacin da ka so za ka zuba, ka rage, ka ƙara, ka wanke shi furotin ɗin ya koma bakin aikinsa. Da irin wannan lalube aka samo monastrol, sinadarin da ke hana sel rabuwa, a jami'ar Harvard a 1999, cikin sinadarai 16,320. Kuma da maganin rapamycin da masana suka ƙirƙiro aka gano TOR, furotin da ke sarrafa girman sel. Ina duhun yake?

Anti Bayoloji: Ƙanena, sannu da haƙuri, amma gyara. Babu wanda ya ƙirƙiro rapamycin. Bakteriyar cikin ƙasa ce take yin sa, Streptomyces hygroscopicus. An ɗebo ƙasar daga tsibirin Rapa Nui a 1964, sunan ma daga can ya samo asali. Tsintarsa aka yi.

Malam Kemis: Tsinta? Haba Anti. Bakteriyar ce ta tace shi ta zuba a kwalba? Suren Sehgal da abokan aikinsa a Kanada suka ware shi daga tarkace, aka zo aka fitar da siffarsa. Everolimus da ake bai wa masu dashen ƙoda da masu kansa, daga rapamycin masu kemistiri suka gyaro shi. Wannan in ba ƙirƙira ba, mene ne?

Anti Bayoloji: Everolimus daban, rapamycin daban. Kada ka sauya magana, Malam.

Baba Alhaji: Ni dai kalmar ce ba ta kwanta min ba tun farko. Ɗan Adam ganowa yake, haɗawa yake. Halitta ta Allah ce.

Malam Kemis: Allah ya ƙara girma Baba, ba wanda ya ce halitta. Ƙirƙira aka ce, kamar yadda ake cewa an ƙirƙiro mota.

Mai Karatun Dare: Mota ba ta tsirowa a ƙasa, Malam.

Ɗan Lab: Na yarda, "ganowa" ya kamata in rubuta. Amma don Allah maganata a kan kwamitin nan ce.

Anti Bayoloji: Tunda ka ambaci TOR ma, wa ya gano shi? Michael Hall da abokan aikinsa a Basel ta ƙasar Suwizalan, 1991, a jikin yis, wato ƙwayar da ke sa kullu ya kumbura. Suka nemo yis ɗin da rapamycin bai hana girma ba, suka bi sawun ƙwayar gadon da ta sauya. Aikin ilimin gado ne tsantsa. Ku masu kemistiri kullum ku ne a gaba wajen karɓar yabo.

Malam Kemis: Da ba a ba su sinadarin ba, me za su zuba wa yis ɗin? Kuma TOR na jikin dabbobi masu shayarwa, wato mTOR, Stuart Schreiber na cikin waɗanda suka kamo shi a 1994, masanin kemistiri ne.

Mai Karatun Dare: Duk maganin kirki daga tsiro ko ƙasa yake fitowa. Ga artemisinin na zazzaɓin cizon sauro, daga ganye Tu Youyou ta ciro shi, har ta ci Nobel a 2015. Maganin da aka haɗa a lab kuwa ga thalidomide nan da aka riƙa bai wa masu ciki, jarirai dubbai ya nakasa kafin a janye shi a 1961.

Dakta: Ɗana, yi a hankali. Imatinib haɗa shi aka yi daga farko har ƙarshe, tun 2001 yake riƙe da rayukan masu wani nau'in kansar jini. Na ga mara lafiyar da adadin fararen ƙwayoyin jininsa ya sauko cikin makonni. Thalidomide ɗin ma, sai 2010 masu bincike a Japan suka gano furotin ɗin da yake kamawa, cereblon. Da an san haka tun farko...

Mai Karatun Dare: Ku likitoci ai ba za ku taɓa kushe kamfanonin magani ba.

Dakta: Janye wannan maganar. Shekara nawa ka yi a gefen gadon mara lafiya?

Mai Karatun Dare: Ban ambaci suna ba, Dakta.

Ɗan Lab: Ko akwai wanda zai ba ni shawara a kan kwamitin?

Shugaban Zaure: To jama'a, a tsaya haka. Abin da na fahimta, an yarda cewa da babu aikin masu kemistiri da rapamycin na nan kwance a ƙasar tsibiri, kuma Malam Kemis ya kawo hujjoji da sunaye da shekaru. Anti ta yi gyara a kan bakteriya, mun gode. Mu da muka karanta kemistiri mun san wahalar tace sinadari ɗaya daga cikin ɗaruruwa, don haka kalmar "ƙirƙira" tana nan daram. Mai Karatun Dare, ka nemi afuwar Dakta. Ɗan Lab, ka sake turo batun kwamitinka gobe da safe.