Wane agogon gudu ya dace da yaro ɗan shekara 12?

Mahaifiyar yaro, daga Kaduna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar guje-guje ku taimaka min da shawara. Ɗana shekararsa 12, yana gudun mita 800 da 1500 a makarantarsu, duk Asabar kuma yana zuwa atisaye filin wasa na Ahmadu Bello. Kocinsu ya ce in ya dage zai iya shiga cikin waɗanda za a tace don gasar matasa ta ƙasa, ta 'yan ƙasa da shekara 15. Sauran ranakun shi kaɗai yake fita bayan sallar asuba ya zaga unguwa.

Yayana da ke Ingila zai zo gida, ya ce in zaɓi agogo mai GPS ya taho masa da shi, ni kuwa ban san kan abin ba. Yaron siriri ne sosai. Ina so ya riƙa sanin nisan da ya yi da lokacin da ya ɗauka, ni ma in riƙa ganin inda yake a wayata, don hankalina ba ya kwanciya in ya fita da duku-duku. Wanne zan ce a sayo?

Mai gyaran waya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Buƙatunki biyu ne, kuma agogon ma iri biyu ne. Agogon 'yan gudu yana karɓar saƙo ne kawai daga taurarin ɗan'adam ya lissafa nisa da sauri, wannan shi ne GPS ɗin. Ba ya cin data, ba a sa masa sim, saboda haka ba shi da hanyar turo miki inda yaron yake sai in akwai waya a jikinsa da aka haɗa su. Wanda ke nuna wa iyaye inda yaro yake shi ne mai ɗaukar sim, amma yawancinsu ba su iya lissafin gudu ba, kuma da ƙyar cajinsu ke wuce kwana ɗaya ko biyu. Wasunsu ma ba su da tsaro. A 2017 Jamus ta haramta sayar da agogon yara masu ba da damar a saurari abin da ake faɗa kusa da yaro a ɓoye.

Ki kuma yi hattara da na araha da ake rubuta GPS a kwalinsu. Da yawa GPS ɗin waya suke ara. Ana kawo min su shago a ce sun lalace, alhali lafiyarsu ƙalau, haka aka ƙera su. Gwajin mai sauƙi ne: a bar waya a ɗaki, a fita fili da agogon, a ga ko zai kama.

Ɗan gudun dogon zango, daga Jos:
Hajiya, ni guda biyu zan ambata. Garmin Forerunner 55 ya fito a 2021, nauyinsa giram 37, yana yin awa 20 da GPS a kunne, in ba a kunna ba kuwa ya kai sati biyu. Madannai biyar gare shi, ba a shafa fuskarsa, kuma wannan alheri ne, don in hannu ya jiƙe da gumi shafa fuska ba ta yin aiki yadda ake so. Na biyu Coros Pace 3, na 2023, giram 30 in da maɗaurin zare ne, awa 38 da GPS. Farashin da suka fito da shi dala 200 da dala 229. Da yanayin wutarmu, batirin nan ba ƙaramin abu ba ne.

Tunda kin ce siriri ne, ki zagaya zare a tsintsiyar hannunsa ki auna da rula ki tura wa yayanki. Maɗaurin Forerunner 55 daga wajen santimita 13 yake farawa. In hannun bai kai ba, maɗaurin zare mai mannewa ya fi, don ana ɗaure shi daidai hannu, babu ruwansa da huda.

Kada ya sayo manyan nan masu taswira da kiɗa. Za su yi wa hannun yaro nauyi, kuɗin kuma ya fi kyau a zuba shi a takalmi.

Kocin makarantar sakandare:
Malam na Jos, kayan da ka faɗa masu kyau ne, amma ni ban ga buƙatarsu yanzu ba. Yaron nan ɗan mita 800 ne, zagaye biyu ke nan a fili, kuma filin an riga an auna shi, layin farko mita 400 ne cif. GPS kuwa yana kuskuren 'yan mitoci, ya fi ruɗewa a kwana. Sai ka ga yaro ya gama zagaye yana kallon hannu yana cewa agogo bai cika ba. Ƙaramin agogon Casio F-91W da ake samu a kowace kasuwa yana auna har kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, ya ishe shi.

Babban abin da nake tsoro daban ne. Irin agogon nan suna ba da shawarar atisayen yau, suna faɗin awa nawa za ka huta, har su yi hasashen lokacin da za ka yi a tsere. Duk da jikin manya aka yi lissafin. Na ga yaran da suka daina jin jikinsu, sai abin da agogo ya ce. Ranar da na ce a yi gudu a hankali, sai su ƙara wuta don lambar yau ta fi ta jiya. Ɗan shekara 12 ya kamata ya koyi sanin saurinsa daga numfashinsa da ƙafarsa.

Ɗan gudun dogon zango, daga Jos:
Gaskiyarka Koci a kan fili, duk da cewa dukansu biyun suna da tsarin gudun fili, ka zaɓi layin da kake bi su gyara lissafin. Amma gudun asuban nan fa? Ba wanda ya san ko kilomita uku yake yi ko goma. A nan agogon zai yi wa kocinsa amfani. Shawarar atisayen kuwa ana iya kashe ta.

Ma'aikaciyar jinya, uwar 'yar gudu:
'Yar uwa, ina bayan wannan magana ta ƙarshe, da sharaɗin ke da koci ne za ku riƙa duba lambobin a ƙarshen mako. Yaro mai girma ƙashinsa bai gama ƙwari ba. A shekarun nan ne ake yawan ganin ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa da kuma diddige, kuma yawan gudu ba hutu ne ke tayar da su. Likitocin yara na ba da shawarar hutun kwana ɗaya zuwa biyu a mako. In kin ga yana ɗingishi da safe ko yana shafa gwiwa in zai hau bene, a dakata ko da gasa ta matso.

Bugun zuciya kuma kada ya firgita ki. Koren hasken da ke bayan agogon ne ke aunawa, in maɗauri ya yi sako-sako sai ya ba da lambar banza. Sannan zuciyar yaro kan kai 200 a minti in yana gudu da ƙarfi. Lissafin nan na cire shekarun mutum daga 220 don sanin iyakar bugun zuciyarsa bai dace da yara ba. Amma in ya yi kukan ciwon ƙirji ko jiri, ko ya taɓa suma a gudu, asibiti za a je ba tare da jira ba.

Wani dattijo:
'Yata, kowa ya yi maganar agogo, ni ta fitar zan yi. Ko kina ganinsa a waya, in wani abu ya faru ba ki kusa. Ga masu ƙwacen waya, ga motoci da duhu. A samu wani babba cikin gida ya riƙa bin sa ko a keke ne, ko a haɗa shi da abokan gudunsa, kuma a bari gari ya ɗan waye. Allah ya yi masa albarka.

Mahaifiyar yaro:
Amin Baba, na gode. Ƙanin babansa yana da keke, yau zan yi masa magana. Na auna hannun, santimita 13 da ɗan ɗoriya. Zan ce a sayo Forerunner 55 ɗin, amma sai na nuna wa kocinsu maganganunku tukuna. Tambaya ɗaya ta rage: yaron yana ta zancen wata manhajar 'yan gudu mai suna Strava, wai abokansa na sa gudunsu a ciki. In bar shi?

Mai gyaran waya:
A'a Hajiya. Dokarsu ma sai ɗan shekara 13 zuwa sama. Kuma taswirar gudun tana nuna ƙofar da ya fito da lokacin da yake fita kullum. A 2018 irin taswirar nan ta Strava ta fallasa sansanonin sojojin Amurka. Manhajar agogon ta zauna a wayarki, ki rufe ta yadda ba mai gani sai ke. In ya kai shekarun, a ɓoye farkon hanya da ƙarshenta kafin ya fara sawa.

Ki ce wa yaya ya haɗo da wayar caji ta biyu. Bakinta daban ne da na waya, in ta ɓata sai an sha nema a nan.