"Tsutsar nama ma nama ce", to ita tana fa?

Ɗan Mile 12:
Salam jama'a. Jiya rigima ta kaure a rumfarmu, maigida ya kori wani yaro da ya taɓa kuɗin ciniki, kuma ɗan ƙanwarsa ne. Wani dattijo yana ba da baki ya ce Alhaji a yi haƙuri, tsutsar nama ma nama ce. Buɗar bakin Alhaji sai ya ce ai wannan ba tsutsar nama ba ce, tana ce. Wallahi kowa ya yi tsit har dattijon. Me yake nufi? Kuma ita kalmar tana ɗin daga ina ta fito, don yaranmu da aka haifa nan Legas sai dai ka ji suna cewa ekolo irin na Yarbawa

Bakatsinen Agege:
A fili take ai. Tsutsa daga jikin naman take, tana kuwa daga ƙasa, wato ya cire yaron daga dangi kenan. Magana mai nauyi, bai kamata ba.

Malamin Islamiyya:
Ni ban ma yarda karin maganar na nufin a yafe wa ɗan uwa ba. Yadda na taso na ji, in an ba ka abu kaɗan ko mai aibi ka karɓa kada ka raina. Asalin kalmar kuma ina ganin daga tona ne, tunda aikinta kenan.

Bakatsinen Agege:
Malam da girmanka, in haka ne ai da gafiya ce za a kira tana

Hajiyar Idi-Araba:
Ku dai kuna raina tana. Kakata Allah ya ji ƙanta, da aka zo rabon gonar mahaifinsu a ƙauyenmu wajen Zariya, yayyenta maza suka dafe ta bakin hanya suka bar mata wata can gefen fadama wai ta cika laima, ita ko ba ta ce uffan ba, ashe tun da asuba bayan ruwan farko ta zagaya ta ga kashin tana birjik kamar an zuba, ta bakin hanyar kuma ko ɗaya babu. Shekaru tana noman dawa da rogo a wurin ba ta san sayen taki ba. Kullum cewa take ƙasar da tana ta ƙi kai ma ƙi ta. Ranar da ta kama mu muna barbaɗa musu gishiri muna kallon suna murɗewa, na sha dukan da har yau ina tunawa, tana duka tana cewa masu yi miki huɗa kyauta kike kashewa? Sai da na girma na gane ta fata suke numfashi, gishirin tsotse musu ruwan jiki yake. Abu ɗaya da muka kasa raba ta da shi, ta rantse kurkunu tana ce da ke shiga ƙafar mutum in ya taka.

Nas ɗin Obalende:
Allah ya ji ƙan Iya, amma kurkunu a ruwan tafki ake shan shi, sai kusan shekara ya ɓullo a ƙafa. Alhamdulillah tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ya ƙare a Najeriya, Gowon da Jimmy Carter sun yi wahala a kai sosai.

Mai Shayin Alaba Rago:
Wanda ba ya leƙowa sai ruwa ya sauka, ba ka gane kansa da wutsiyarsa, in ka taɓa shi ya sulale. Ni dai tana nake nufi, kada wani ya ce na ambaci wakilin mazaɓarmu 😂

Bakatsinen Agege:
Kada ka zagi tana, ita ko ba komai tana gyara ƙasa

Malamin Islamiyya:
Hajiya to a fahimtar kakarki Alhaji yabon yaron ya yi kenan?

Hajiyar Idi-Araba:
Malam ni ba ruwana da Alhaji. Gonar dai tana nan, ƙanena ke nomawa.

Ɗan Mile 12:
Yanzu na ga yaron yana sauke kwandon tumatir a rumfar maƙwabcinmu, Alhaji na zaune yana kallonsa bai ce komai ba