Kaluluwar da ke fitowa bayan rigakafi: me ke faruwa a cikinta?

Ungozoma, Ringim:
Assalamu alaikum. Iyaye mata a ƙauyukanmu suna kawo jarirai da kaluluwa a hammatar hagu bayan allurar BCG ta rigakafin tarin fuka, wasu ma sai sun biya ta wajen wanzami. Shin kumburin nan alama ce jiki na haɗa sinadarin kariya, wato antibodi? Yaushe kuma ya zama abin damuwa?

Malamin kimiyyar jiki, Dutse:
Wa alaikumus salam, Malama. Kaluluwa matatar ruwan jiki ce. Ruwan da ke tsattsafowa daga jijiyoyin jini yana bin wasu siraran hanyoyi ya ratsa ta cikinta kafin ya koma jini: na hannu ta hammata, na ƙafa ta matsematsi. Akwai ɗaruruwansu a jiki, galibi ba su kai ƙwayar wake ba.

A gefenta ƙwayoyin B, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, suke zaune, kowace da siffa ɗaya tak da take ganewa, kamar kwaɗo da makullinsa. In ɓurɓushin ƙwayar cuta ya iso, wadda ta dace da shi ta kama, ta matsa unguwar ƙwayoyin T, wani nau'in fararen ƙwayoyin jinin, ta nemi sahalewa. Ba sahalewa, aiki ba ya nisa. Da ta samu sai ta hau hayayyafa. Wannan yawan, da ƙwayoyin da ke kwararowa daga jini, shi kike ji ƙarƙashin yatsanki.

Wasu nan da nan suke rikiɗa su zama ƙwayoyin filasma, su fara zubo antibodin farko, wato IgM, cikin 'yan kwanaki. Saura su taru wuri guda, bayan wajen mako ɗaya, a shiga tankaɗe: wadda antibodinta ya fi kamu ta rayu, mai sako-sako ta mutu. Daga waɗanda suka tsira ake samun antibodin IgG mai ƙarfi. Wasunsu su ƙaura ɓargo su yi shekaru suna zuba, wasu su zauna a matsayin masu tuna cutar. Dalilin yin Penta, allurar rigakafin cututtuka biyar, sau uku ke nan, a mako na 6, 10 da 14: kowane zagaye sabon tankaɗe ne.

Likitan yara, Kano:
Malam ya yi bayani, sai dai gyara ɗaya. Kariyar BCG akasari ta hannun ƙwayoyin T take, ba antibodi ba, don haka girman kaluluwa ba ma'aunin ingancin allurar ba ne.

Abin da ke ƙara jawo ta sananne ne: allurar ta zarce ƙarƙashin fata maimakon cikin fatar, ko a wuce 0.05 ml ga ɗan ƙasa da shekara guda. In an yi daidai, ɗan tudu fari-fari zai taso a wurin nan take. Kaluluwar kan fito tsakanin makonni kaɗan zuwa wata shida. In tana da tauri, yaro na shan nono, ba zazzaɓi, a bar ta, da kanta take sacewa. In ta yi laushi, fata ta yi ja tana sheƙi, mugunya ce ta taru: a asibiti ake zuƙe ta da sirinji. Askar wanzami kuwa gyambo take bari, ya yi ta tsiyaya watanni, ga haɗarin tsinkau-tsinkau.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Wudil:
Malama, a kuma bambanta da ta wuya. Wadda ta kai santimita 2, ba ta ciwo, ta haura mako biyu zuwa huɗu, ko ta manne da 'yan uwanta, ga rama da gumin dare, a zargi tarin fuka. A tura a ɗebi ruwanta a yi gwajin GeneXpert na gano tarin fuka, kada a tsaya ana ta sauya maganin kemis.