Hawan Sallah da kyamarar DSLR (mai canjin gilashin gaba): ya kuka ƙare da ƙura?

Mai studiyo a Garwa:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Na ɗauki hawan Sallah a ƙofar fadar Lamido da Nikon D5300. Dawakai sun fito tas, megapiksel 24 ba wasa ba, har adon linzami ana gani. Amma da na buɗe hotunan a kwamfuta sai ga baƙaƙen ɗigo a sararin sama, wuri ɗaya a kowane hoto. Laifina ne, a tsakiyar fili na cire objektif (gilashin gaban kyamara) 18-55 na ɗaura 55-200 mai jawo nesa, mahaya na ta sukuwa. Ku ya kuke yi?

Daga Marwa:
Wa alaikumus salam. Malam, a kan sensa (farantin da ke kama hoto a cikin kyamara) ƙurar ta zauna, ba a gilashi ba. Sa f/22, wato ka tsuke ƙofar haske, ka ɗauki farin bango, za ka ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. A f/5.6, da ƙofar a buɗe, da ƙyar ake ganinsu. Ni robar hura iska nake sa wa, bakin kyamara na kallon ƙasa. Ban da hurawa da baki, ban da gefen riga. Wani yarona ya taɓa goge tawa da audugar kunne, zanen na nan har yau, kuma har yau ban huce ba.

Daga Njamena:
Objektif ɗaya nake ɗaurawa tun daga gida, 18-140, ba na cirewa sai na dawo. Ga doki kuwa, saurin ɗauka 1/1000 na daƙiƙa da AF-C (fokas mai bin abin da ke motsi), in ba haka ba ƙafafu su narke a hoto. Nikon D7000 ɗina tana harba hoto 6 a daƙiƙa. Abin da ya fi ɗaure ni da ita ramin katin ajiyar hoto biyu ne, na biyun yana kwafar na farko. Kati ya taɓa mutu mini ranar ɗaurin aure, na biyun ne ya fitar da ni kunya.

Daga Kusiri:
Canon 700D gare ni. Allonta mai juyawa shi ne gatana, don gajere ne ni: in ɗaga ta sama da kawunan jama'a in leƙa daga ƙasa. Sai dai aiki da allo na shan batir. Ƙaramar Sallar 2024 cikin Afrilu ta faɗo, rana kamar wuta, kafin Sarki ya fito na cinye batir guda. Yanzu biyu nake ajiyewa a aljihu.

Mai studiyo a Garwa:
Yayana na Marwa, na gwada bangon. Goma sha huɗu na ƙirga. Na hura, saura uku sun ƙi tashi. Wa ya san mai wanke sensa a nan Garwa?