Masu saye da saida wake, me ke kada muku farashi a kasuwa?

Mai awo, kasuwar Dole a Damagaram: Salamu alaikum jama'a. Ni dai abin da nake gani kullum, mace za ta zo ta tsoma hannu cikin buhu ta ɗebo ta baza a tafi, in ta ga huji ko biyu ne shikenan ciniki ya lalace, sai ka rage mata a tiya ko ta wuce gaba. Ku ma haka ne wajenku?

Mai ƙosai, Birni: Wa alaikumus salam. Alhaji ai ba laifinmu ba ne. Waken da ƙwaro ya ci ya zama gari a ciki, ƙullu ba ya tashi, ga shan mai ga wani wari da masu saye ke ji tun a cizon farko. Ni fari nake nema mai yamutsattsar fata, kana jiƙa shi ka murza fatar ta fita, mai santsin nan kuwa sai hannu ya gaji. Gara in ƙara kuɗi wallahi.

Manomi daga Matamai: Hajiya gaskiyarki, amma ku tausaya mana. Da kaka kowa ya fito da wake lokaci guda farashi ya faɗi ƙasa, in ka ajiye don ya yi daraja zuwa bazara ƙwaro ya riga ka. Abin da ya cece ni buhun PICS ne mai hawa uku, leda biyu a ciki, ka shanya waken ya bushe ƙarau ka matse iska ka ɗaure kowace leda daban, ƙwaron ya rasa numfashi ya mutu ba ka zuba magani ko kaɗan ba. Sai dai a kiyaye shi daga ɓera, huda ɗaya ta ɓata aikin.

Ɗan kasuwa, hanyar Magarya: Mu masu kaiwa kasuwar Dawanau a Kano girman ƙwaya ake fara dubawa, manya farare su ne da kuɗi. Kuma don Allah manoma ku daina cakuɗa ja da fari a buhu ɗaya, ga tsakuwa ga ƙaiƙayi, da an soka buhu an gani sai a saye shi a wulaƙance.

Uwargida, Zango: Ni tsorona magani ne ba huji ba. Na taɓa sayo wani sumul, na wanke sau da yawa warin bai fita ba, zubarwa na yi don ba zan ba yara ba. Yanzu sai na sansana kafin a auna.

Mai awo, kasuwar Dole: Malam na Matamai, in da saura cikin na buhun nan kawo min ranar Alhamis.